Ƙwaƙwalwar Mai Ciwon Damuwa: Me Na'ura Ta Gani, Me Kuma Ta Kasa Gani?

Kamar kullum, ga shirin namu a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu son su karanta a nutse.

Akwai wani hoto da ya daɗe yana yawo a intanet, na tabbata da yawanku kun ci karo da shi. Ƙwaƙwalwa guda biyu ne aka jera gefe da gefe. Ɗaya tana ta haske, ja da rawaya ko'ina, an rubuta "mai lafiya" a ƙasanta. Ɗayar ta yi shuɗi-shuɗi, duhu kamar unguwar da aka ɗauke wa wuta, an rubuta "mai ciwon damuwa". Wasu hoton nan ya yi musu rana, domin sun samu abin nuna wa mutanen gida cewa halin da suke ciki ba shagwaɓa ba ce, ba kuma lalaci ba ne. Wasu kuwa tsorata su ya yi: wato tawa ƙwaƙwalwar ta lalace ke nan? Har akwai masu tambayar nawa ake yin hoton MRI, su tara kuɗi su je a duba a gaya musu gaskiya.

Tambayarmu ta yau ke nan. Shin da gaske ƙwaƙwalwar mai ciwon damuwa ta bambanta da ta wanda ba shi da shi? Eh, akwai bambanci. An auna shi, an sake aunawa. Amma ba irin wanda hoton can yake nunawa ba ne. Launukan ma da kuke gani kwamfuta ce take sa su don ido ya rarrabe, babu ƙwaƙwalwar da take shuɗiya ko ja a cikin kai.

Bari mu fara daidaita magana a kan ciwon kansa, don kalmar "damuwa" tana da faɗi a Hausa. Ba damuwar rashin kuɗin makaranta ko ɓacin ran kwana biyu nake nufi ba. Ina maganar abin da matasa ke kira difireshan: mutum ya shafe aƙalla mako biyu, kusan kullum, kusan duk yini, ransa a dagule ko kuma ya daina jin daɗin abubuwan da a da yake so. Barci ya rikice, cin abinci ya canza, ga kasala, ga rashin iya tattara hankali wuri ɗaya, ga ganin kai ba a bakin komai ba, wani lokaci har da tunanin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya.

To, ita ƙwaƙwalwar fa? Ta babban mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Ku ɗauke ta kamar babban birni. Akwai unguwanni, inda ƙwayoyin suke zaune a cunkushe, launinsu toka-toka. Akwai tituna, wato dogayen zaruruwan da ke haɗa wannan unguwa da waccan, su kuma farare ne saboda wani kitse da ya lulluɓe su. Sannan akwai zirga-zirgar da ake yi a kan titunan. Masu bincike sun leƙa duka ukun.

Unguwar da aka fi yi wa zirga-zirga da na'ura ita ce hifokamfas. Guda biyu ce, ɗaya a dama ɗaya a hagu, can ciki daidai saitin kunne. An ba ta sunan ne daga wani ɗan kifin teku mai kai irin na doki, saboda yadda ta lanƙwashe. Aikinta da aka fi sani shi ne ajiye sababbin abubuwan da suka faru da kai, da sanin hanya. Amma tana da wani aikin: ita ce ɗaya daga cikin birkin jiki idan hankali ya tashi. In ka shiga tashin hankali, wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin kotisol. Hifokamfas tana jin yawansa a jini, sai ta aika saƙo cewa ya isa haka, a rage.

A 1996 wata likita mai suna Yvette Sheline, a birnin Sen Luwis na Amurka, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata 10 da suka sha fama da ciwon damuwa, ta kwatanta da mata 10 masu irin shekarunsu da ba su taɓa yi ba. Sai ta tarar hifokamfas ta masu ciwon ta fi ƙanƙanta da fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma wadda ta fi daɗewa cikin ciwon ita ce tata ta fi raguwa. A 2003 ta ƙara gano cewa kwanakin da mutum ya yi cikin ciwon ba tare da magani ba su ne suka fi alaƙa da raguwar. Wannan binciken ya yi tashe sosai, kuma daga irinsa ne maganar "damuwa tana cinye ƙwaƙwalwa" ta bazu.

Amma fa mutum 10 ne da 10. Ku riƙe wannan.

Daga baya masana daga ƙasashe daban-daban suka haɗa kai a wata ƙungiya mai suna ENIGMA, kowa ya kawo hotunan da ke hannunsa, aka auna su da ma'auni ɗaya. A sakamakon da Lianne Schmaal ta jagoranta, wanda ya fito a 2016, an kwatanta masu ciwon damuwa 1,728 da masu lafiya 7,199. Hifokamfas ta masu ciwon ta fi ƙanƙanta, wannan ya tabbata. Da nawa? Kashi 1.24 cikin ɗari. Wato kamar a ce kana da naira dubu goma a aljihu, aka zare naira 124. Kuma da aka rarrabe mutanen, sai aka ga bambancin ya fito ne daga waɗanda ciwon ya sha dawo musu. Waɗanda karon farko ne, ba a ga wani bambanci tsakaninsu da masu lafiya ba. An kuma fi ganinsa ga waɗanda ciwon ya fara musu tun ba su wuce shekara 21 ba.

Za ku ce to yaya aka yi kashi goma da ɗoriya ya koma ɗaya da kwata? Ba ƙarya Sheline ta yi ba. Ƙaramin bincike yana yawan zuzuta abu ba da niyya ba. Mutanen da ake samu a asibiti galibi waɗanda ciwon ya yi wa tsanani ne, in kuma mutum goma kawai ka auna, biyu daga cikinsu sun isa su karkatar da lissafin. Sannan mujallu sun fi son buga binciken da ya gano wani abu a kan wanda bai gano komai ba. A 2022 wani rahoto a mujallar Nature, wanda Scott Marek da abokan aikinsa suka fitar, ya nuna cewa yawancin binciken da ke haɗa hoton ƙwaƙwalwa da halayyar mutum ana yin sa ne da mutum wajen 25, alhali ana buƙatar dubbai kafin sakamakon ya tsaya da ƙafarsa. Don haka duk sanda kuka ga kanun labari "masana sun gano", ku fara tambaya: mutum nawa aka duba?

ENIGMA ta duba ɓawon ƙwaƙwalwa ma, wato shimfiɗar waje mai ninki-ninki. A manya, ya ɗan fi siranta a wasu wurare na gaba, saman ido da tsakiyar kai, inda ake auna lada da sarrafa motsin rai. A matasa kuwa kaurin bai canza ba, faɗin ne ya ɗan ragu. A 2020 suka duba titunan nan farare, aka ga ɗan rauni a wurare da yawa, ciki har da babbar gadar da ke haɗa ɓangaren dama da na hagu. Duk bambance-bambancen nan ƙanana ne, kuma shi ma na titunan an fi ganinsa ga masu ciwon da ke maimaituwa.

Yanzu ga binciken da ni dai nake ganin ya kamata a liƙa shi a ƙasan hoton can mai ja da shuɗi. A Jamus, wani matashin mai bincike Nils Winter da tawagarsa sun ɗauki mutum 1,809, kusan rabinsu masu ciwon damuwa, suka yi musu kusan duk nau'in hoton ƙwaƙwalwa da ake da shi. Maimakon su tsaya a "akwai bambanci", sai suka tambayi abin da ya fi damun ni da ku: in aka ba ka hoton mutum ɗaya, za ka iya cewa wannan yana da ciwon ko ba shi da shi? Sakamakon ya fito a 2022. Ko a ma'aunin da bambanci ya fi girma, rukunin biyu sun shiga cikin juna da kashi 87 zuwa 95 cikin ɗari. Daidaiton gane mai ciwo daga hoto kuwa bai wuce kashi 54 zuwa 56 ba. Wanda ya rufe ido yana canki-canka zai samu 50. Kun ga ke nan. Bayan shekara biyu suka sake gwadawa da ƙirƙirarriyar basira, aka haɗa bayanai iri-iri aka ba kwamfuta, mafi ƙoƙarinta kashi 62.

Bari na kawo shi kusa. A ce an auna tsawon ɗaliban makarantu biyu, kowace mai ɗalibai dubu, aka ga matsakaicin tsawon na farko ya ɗara na biyu da rabin inci. Bambancin gaskiya ne. Amma in wani yaro ya shigo ofis, ka auna tsawonsa, za ka iya cewa daga wace makaranta yake? Ina! A kowace makarantar akwai dogaye akwai gajeru. Haka lamarin yake. Akwai masu tsananin ciwon damuwa da hifokamfas ɗinsu ta fi ta likitan da ke duba su girma. Wani abin sha'awa a binciken na Jamus: tambayar mutum ko yana da masu tallafa masa, ko kuma an cutar da shi yana yaro, ta fi rarrabe rukunin biyu nesa ba kusa ba a kan duk hotunan da aka ɗauka.

To in girman unguwanni bai faɗi abu mai yawa ba, zirga-zirgar fa? Nan ne hankalin masu bincike ya fi komawa, kuma nan ne labarin ya fi daɗi.

Akwai wani nau'in MRI da ba siffa yake dubawa ba, aiki yake bi. In wani sashe ya tashi aiki, jini mai iskar oksijin yana ƙaruwa a wurin, na'urar kuma tana ganin haka. Ana kwantar da mutum a ce kada ya yi komai, sai a lura da sassan da suke tashi tare su kwanta tare. Kamar ka hau tsauni da daddare kana kallon gari: ka ga wata unguwa a gabas da wata a yamma, in an kawo wuta tare suke samu, in an ɗauke tare ake ɗauke musu. Ba ka ga wayar ba, amma ka san layinsu ɗaya. Ta haka aka gano cewa ƙwaƙwalwa tana aiki ne rukuni-rukuni, kowane rukuni sassansa a warwatse amma bakinsu ɗaya.

Uku daga ciki sun shafe mu. Na farko zan kira shi rukunin zancen zuci. Marcus Raichle ne ya bayyana shi a 2001. Shi ne yake tashi in ka zauna shiru, kana tuna abin da ya wuce, kana saƙa gobe, kana tunanin kanka da yadda mutane ke ganinka. Na biyu rukunin jagoranci, mai tattara hankali a kan aiki da tsara abin yi. Na uku rukunin ankararwa, shi ne mai gadin ƙofa, yana zaɓar abin da ya cancanci hankalinka ya koma kansa, daga waje ne ko daga cikin jiki.

Duk wanda ya taɓa ciwon damuwa ya san tuƙa da warwarar nan, tunani ɗaya ya yi ta dawowa kamar saniya tana tuƙa: me ya sa na yi kaza, ni ba ni da amfani, kowa ya wuce ni. A 2015 Roselinde Kaiser ta tattara binciken da aka yi a baya, ta ga cewa a masu ciwon, sassan rukunin zancen zuci sun fi manne wa juna, na rukunin jagoranci kuma sun yi sako-sako. Bayanin ya zauna daidai da abin da marasa lafiya ke faɗa: zancen zuci ya yi ƙarfi, mai cewa "ya isa, koma kan aikinka" ya yi rauni. Sai dai a 2019 masana a ƙasar Sin suka haɗa masu ciwon 1,300 da masu lafiya 1,128 daga cibiyoyi 25, suka samu akasin haka: haɗin ya ragu ne, kuma ga masu ciwon da ke dawowa. Har yanzu ana tattauna dalilin wannan saɓani. Wata amsa mai ƙarfi ita ce abin da muke kira ciwon damuwa ba abu ɗaya ba ne. Wani barci yake ta yi, wani ko runtsawa ba ya yi. Wani ya rame, wani ya ƙara ƙiba. In ka zuba su a kwano ɗaya ka fitar da matsakaici, bambancin wannan sai ya goge na wancan.

Wannan matsalar ce ta sa wasu suka canza dabara. Charles Lynch da Conor Liston, a birnin Niyok, suka ce maimakon a ɗauki mutane da yawa sau ɗaya-ɗaya na 'yan mintoci, bari a ɗauki mutane kaɗan sau da yawa, a zana wa kowa taswirarsa shi kaɗai. Akwai wanda aka sa a na'ura har sau 62 cikin shekara ɗaya da rabi. Suka fara da masu ciwon 6 da masu lafiya 37. Abin da ya fito, wanda aka buga a Nature a watan Satumba na 2024, ya ba mutane mamaki. A masu lafiya, rukunin ankararwa yana riƙe da kusan kashi 3 cikin ɗari na ɓawon ƙwaƙwalwa. A masu ciwon, kusan kashi 5 da rabi. Ya kusa ninkawa. Suka sake dubawa a wasu marasa lafiya 135, abin ya maimaitu.

Ba wai ƙwaƙwalwar ce ta ƙara girma ba fa. Cin iyaka ne, irin na gona. Rukunin ankararwa ya matsa shingensa ya shiga filin maƙwabta, a wani mutum ya ci daga rukunin zancen zuci, a wani daga rukunin jagoranci. Kuma girman nan ba ya canzawa ko mutum yana cikin ciwon ko ya samu sauƙi. Abin da ke hawa da sauka tare da yanayin mutum shi ne ƙarfin haɗin da ke tsakanin sassan rukunin: in haɗin wasu wurare biyu ya yi rauni, rashin jin daɗin komai yana ƙaruwa.

Sannan suka koma kan hotunan yara daga wani babban bincike na Amurka. Suka zaƙulo yara 57 da aka ɗauka suna lafiya ƙalau, waɗanda daga baya ciwon ya kama su suna shekara 13 ko 14. Tun kafin ciwon, rukunin ankararwarsu ya fi na sauran yara faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ni wannan ya fi komai ɗaukar hankalina, amma zan ja muku birki: sabon sakamako ne, bai zama gwajin asibiti ba, kuma faɗin rukunin ba hukunci ba ne cewa dole mutum ya kamu.

Wannan ya kawo mu ga tambayar kaza da ƙwai. Ciwon ne ya canza ƙwaƙwalwa, ko ƙwaƙwalwar ce ta zo da shiri? Alamu suna nuna duka biyun. Na yaran nan ya nuna akwai abin da ke rigayar ciwon, ko daga gado ko daga abin da yaro ya tashi a ciki. Na hifokamfas kuma ya fi kama da tabon da dogon tashin hankali ke bari. A farkon shekarun 1990, a ɗakin binciken Bruce McEwen, an takura ɓeraye kullum har mako uku, sai rassan ƙwayoyin jijiyarsu na hifokamfas suka tsuke kamar bishiyar da aka sassabe. Ku lura, rassa ne suka ragu, ba ƙwayoyin ne suka mutu ba. Da aka daina takura su, rassan suka sake tohowa.

A mutane ma an ga makamancin haka. Akwai wata cuta da jiki ke fitar da kotisol fiye da kima, ana kiranta da sunan likitan da ya bayyana ta, Cushing. Masu ita hifokamfas ɗinsu tana raguwa, in an yi musu aiki kotisol ya sauka, sai ta sake ƙaruwa. Direbobin tasi na Landan, waɗanda ke haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, an gano a shekarar 2000 cewa bayan hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma. A 2011 aka raba tsofaffi 120 gida biyu, rabi suna tafiyar motsa jiki sau uku a mako har shekara guda, hifokamfas ɗinsu ta ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari. Ba masu ciwon damuwa ba ne, amma ku kwatanta 2 ɗin nan da 1.24 na ɗazu. Kalmar "lalacewa" ba ta dace da abin da ke iya motsawa gaba da baya haka ba.

Aikin sassan ma yana canzawa da magani. Akwai wani ɗan curi mai kamar ƙwayar gyaɗa a gaban hifokamfas, amigdala, ƙararrawar haɗari. Sheline ta nuna a 2001 cewa a masu ciwon damuwa tana zabura fiye da kima in an nuna musu fuskar mai tsoro, ko da hoton ya gilma da saurin da ba su san sun gani ba. Bayan mako takwas na shan magani, zaburar ta lafa. Maganin zama da ƙwararre a yi magana ma an ga yana canza aikin ƙwaƙwalwa a hoto. Ba ƙwaya kaɗai ke taɓa ta ba.

Ilimin haɗin sassan nan ya fara amfani a jinya, duk da hanyar ba ta miƙe ba. Helen Mayberg ta daɗe tana bin wani ɗan wuri can ƙasan gaban ƙwaƙwalwa da ake kira yanki na 25. Ta lura yana tashi in mai lafiya ya tuna abin baƙin ciki, yana kuma lafawa in mai ciwon damuwa ya warke. A 2005 a Toronto aka dasa 'yan wayoyin lantarki kusa da wurin a kan mutum 6 da duk magani ya gagara, 4 suka samu sauƙi sosai. Duniya ta ɗauka an gama. Da aka yi babban gwaji da mutum 90, wasu a kunna musu wasu a bar na'urar a kashe ba su sani ba, bayan wata shida ba a ga bambanci ba, aka dakatar da gwajin. Ana ci gaba da aikin, yanzu ana bin titunan da suka ratsa wurin a kan kowane mutum kafin a dasa.

Akwai kuma wadda ba a buɗe kai. Ana ɗora wata na'urar maganaɗisu a gefen goshi na hagu tana bugawa, Amurka ta amince da ita tun 2008. A jami'ar Stanford sai suka ce a fara ɗaukar hoton kowane mara lafiya, a nemo daidai wurin da ke da alaƙa da yanki na 25 a kansa shi, a buga nan, sau goma a rana har kwana biyar. A gwajinsu, 11 cikin 14 sun fita daga ciwon a makonnin da aka bi su, a ɓangaren da aka yi wa na bogi kuwa 2 cikin 15. Sakamako mai kyau, amma kun riga kun san tambayar da za ku yi: mutum nawa? 29.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ƙwaƙwalen da aka auna a duk waɗannan bincike, mafi yawansu na mutanen Turai, Amurka, Ostareliya da Sin ne. Namu na wannan yankin ba su cika shiga lissafin ba. Kuma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya sun daɗe da lura cewa a wajenmu mutum ba lallai ya zo ya ce "raina a ɓace yake" ba. Cewa zai yi kansa na zafi, gabansa na faɗuwa, jikinsa ya mutu, ko yana jin kamar wani abu na tafiya a jikinsa. Sai a yi ta maganin maleriya da taifod, wata da watanni, ainihin ciwon yana nan. Idan kun tuna abin da Sheline ta gano game da kwanakin da aka yi ba magani, da abin da ENIGMA ta gani a masu ciwon da ke dawowa, za ku ga cewa wannan jinkirin ba ƙaramin abu ba ne.

Ga masu shirin tara kuɗin MRI: babu asibitin da ke gano ciwon damuwa da hoto, ko a Landan ko a Niyok. Ana gano shi ne ta hanyar zama da likita, ya yi tambayoyi, ya saurara. Yana iya sa a yi gwajin jini don a tabbatar ba ƙarancin jini ba ne ko matsalar maƙoshi irin ta tayirod, domin suna iya kwaikwayonsa. In kuka ga ya tura mutum hoton kai, to wani abin daban yake son kawarwa, misali in ciwon ya fara wa dattijo karon farko, ko akwai farfaɗiya, ko wani sabon ciwon kai mai tsanani, ko shanyewar wani ɓangaren jiki. Duk wanda ya ce muku zai nuna muku damuwarku a allo ya karɓi kuɗi, ku riƙe aljihunku.

Ga kuma ɗan'uwan da ke cewa ai raunin imani ne ko rashin godiya, ba sai an nemo hoto mai launi an nuna masa ba. Ciwon kai na ɓari ɗaya ma ba a gano shi da hoto, kuma babu wanda ke cewa mai shi ƙarya yake yi.

In kana cikin wannan hali, ko kina ciki, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen, haka babban asibitin Yamai ga 'yan'uwanmu na Nijar. Likitan asibitin kusa da gida ma zai iya fara dubawa ya tura ka gaba. Magungunan suna ɗaukar makonni kafin a ji aikinsu, don haka kada a ajiye su a kwana biyar, kada kuma a daina su ba da sanin likita ba. Wanda kuwa tunanin raba kansa da duniya ya fara zuwa masa, wannan ba na jiran Litinin ba ne. A gaya wa wani na kusa yau, a tafi asibiti tare.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, za mu ɗauki wasu a shiri na gaba. Sai mun haɗu.